Butar da Ta Suɓuce wa Isiya

Har gobe ban manta da ranar da Isiya mai niƙan dutse ya kusa kai ƙarata wajen mai gari ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin lafiya a wani ɗan asibiti a yankin Anka, shekarun da suka biyo bayan gubar dalma. Gubar nan a ƙurar dutsen zinare take. Ga babba takan fara da ciwon ciki da kasala, daga baya ta kashe wuyan hannu.

Shugabarmu, Sista Rabi, ta dawo daga horo da sabon tsari: kafin a ɗebi jini, a zaunar da mutum ya rufe ido, ya ja numfashi a hankali, ya saurari jikinsa daga kai har ƙafa. Ni kaina shirme na ɗauke shi, amma umarni ne.

Da Isiya ya zo na gaya masa haka, sai ya dube ni sama da ƙasa. "In rufe ido? A garin ga? Wa ya turo ka, likita? Sai mai gari ya ji wanga zance." A zatonsa hujjar rufe masa inji muke nema. Na ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ciki fa? Da sauƙi. Amma tun da ya shigo hannunsa na dama ke cikin aljihu, ko musabaha ya ƙi. Ni ma zargi ya kama ni, wallahi wuƙa na zata.

Ana cikin haka aka kira azahar. Na miƙa masa buta na ce, "Malam Isiya, bar idonka a buɗe. Yi alwala a hankali kawai, ka ji abin da kowace gaɓa ke faɗa maka."

Da hagu ya karɓa. Da ya zo wanke hannun hagu, dole dama ta ɗauki buta. Wuyan hannun ya lanƙwashe, buta ta faɗi. Ya kalli ruwan yana bin ƙasa, ya ce, "Tun damina shike haka. Ko Inna ban gaya ma ba."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ranar muka ɗebi jininsa, aka tura shi babban asibiti. Hannun ya dawo, ko da ba duka ba.

Ku sababbin ma'aikata, ku sani "da sauƙi" gaisuwa ce, ba amsa ba. Mutanenmu suna jin jikinsu sarai. Wanda za su gaya wa ne ba su yarda da shi ba. Shi ya sa har yau buta ke gindin teburina.