Ranar da Aka Kunna Mana Kwamfuta

Lissafi na karanta, shi kuma nake koyarwa a wata makarantar je-ka-ka-dawo da ke kan hanyar Gadau, kullum in taso daga Azare a kan babur. Da aka shigo da darasin kwamfuta, shugaban makaranta ya ɗora mini, wai ai duk harkar lambobi ce. Ni kuwa hannuna bai taɓa sauka a kan kwamfuta ba. Littafi kawai aka miƙo mini. Sai in haddace shafi, in zana akwatin kwamfutar a allo, yara su kwafa.

Cikin 'yan ajin ƙarshe akwai wata yarinya, iyayenta mutanen Yobe ne da zama ya kawo nan. Kanta na ja. Duk abin da na koyar takan kawo shi da ka, kuma ta sha gaya mini aikin kwamfuta za ta yi in ta gama.

Wata rana da damina sai ga jami'ai biyu, mace da namiji, sun zo gwada sanin malamai da ɗalibai. Aka fara da tambayoyin baka, yarinyar nan ta amsa duka. Har na fara murmushi. Sai matar ta buɗe jaka, ta fito da wata ƙaramar kwamfuta, ta kunna, ta ɗora a teburina.

"Zo, 'yata, rubuta mana sunanki."

Ta zo ta tsaya. Wannan kwamfutar ko kaɗan ba ta yi kama da zanena ba. Ta kai yatsa, ta janye. Ta sake kaiwa, ta danna wani abu, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Ta ja da baya tana cewa, "Wallahi ba da gangan na ɓata ba."

"Ba ki ɓata komai ba," in ji matar. Ta juyo gare ni. "Malam, taimaka mata mana."

Yarinyar ta dube ni, hankalinta ya kwanta, tunda ga malaminta. Na sunkuya ina neman maɓallin da na koya musu, na rasa shi. Ruwa na ta ɗiga daga kwanon rufi. Can namijin ya ce a hankali, "Bari kawai, Malam." Ba su yi mini faɗa ba. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar ba ta sake ɗaga hannu a darasin ba. Takan gaishe ni da ladabi, ta kwafi abin da ke allo, shi ke nan. Na taɓa jefa mata tambaya, ta ce, "Malam, ban sani ba," alhali na san ta sani.

Na fara zuwa wani shagon buga takardu a Azare da yamma, ina koyo duk ranar da aka kawo wuta. Kafin hannuna ya faɗa, 'yan ajinsu sun gama, mahaifinta ya kwashe iyalinsa sun koma Yobe. Sakamakon gwajin kuwa, har na bar makarantar ba mu ji ko labarinsa ba.