Takardun Yaya Sanusi da suka ƙetare iyaka

Shekara bakwai ke nan da mota ta buge babur ɗin yayana Sanusi a hanyar Lafagu. Nan take ya cika, kwamfutar da ke cikin jakarsa ma ba ta sake kunnuwa ba.

Digiri na uku yake yi a kan wasu wurare masu nisa a sararin samaniya da ke fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi. Ya ce mini akwai baƙin rami a tsakiyarsu, iskar gas tana kewaya shi tana zafi kafin ya haɗiye ta, amma haskensu ya zarce abin da lissafi ya yarda. Yakan rarraba hasken gwargwadon ƙarfinsa, ya zana layi mai hawa sannan ya karye. A wannan karyewar yake neman amsa: babban rami ne mai ci a hankali, ko ƙarami ne mai haɗama?

Da yake wuta ba ta zama a garinmu Bagudo, sai ya buga komai a takarda, yana gyara da fensir a ƙarƙashin darbejiya. Kwali biyu suka cika.

Bayan addu'ar bakwai, Inna ta rabar da kayansa sadaka kamar yadda ake yi. Riguna ga liman, takalma ga maƙwabci. Kwalayen kuwa ta ba Gwaggo Hansatu, mai kai busasshen kifi kasuwannin ƙasar Benin tana ciyar da marayunta, don ta riƙa naɗe kifi da takardun. Ni na ɗora mata su a kai. Ina jami'a a lokacin, na san abin da ke ciki, amma kuka ya hana ni tunani.

Bayan wata biyu malaminsa ya kira, ya ce aikin ya kusa kammala, in aiko da ko me ya rage. Na ruga gidan Gwaggo.

"Ɗiyata, ai sun daɗe da ƙarewa," ta ce. "Takarda ce mai kyau, mai ba ya ratsa ta."

Yau ɗalibi na iya sauke irin bayanan nan da waya yana zaune a tasha. Nakan tambayi kaina ko hakan zai faranta wa Yaya rai, ko zai tarar wani ya riga shi faɗin abin da ya gano. Ban ma san ko ya gano ɗin ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Sunansa bai hau kan kowane littafi ba. Abin da ya rage shi ne ɗan bayanin da na riƙe, shi ma yana dusashewa. Inna ta tsufa, idanunta sun yi rauni. Har gobe takan ce, "Ko takardunsa sai da suka ciyar da marayun Hansatu, ladar na isa gare shi." Nakan ce amin. Ban taɓa gaya mata malamin ya kira ba, kuma ba zan gaya mata ba. Allah Ya jiƙan Yaya.