Takardar aron gona da na'ura ta rubuta

A shekarar da aka cire tallafin man fetur, har kuɗin babur daga Tambuwal zuwa Kebbe ya gagari talaka, ƙanena ya kai wani tsoho ƙara kotu a kan wata gona a Kebbe. Tsohon mai shanu ne, abokin mahaifinmu. Ina saurayi, a gabana mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya ba shi wannan gona kyauta. Ba a rubuta komai ba, fatiha kawai aka shafa. Ƙanena bai yi wayo ba a lokacin, sai ya tashi da cewa aro ne. Alƙali ya hana kowa taɓa gonar sai an gama shari'a, damina biyu ta wuce tsohon bai shuka ko ƙwaya ba. Ni kuwa na yi shiru, don kada a ce na juya wa ɗan'uwana baya.

Wata Laraba ƙanena ya ce lauyansa na son ganina. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bakin hanyar Sakkwato, da kwamfuta a kan tebur. Tarbar da lauyan ya yi mini ta fi ƙarfin matsayina, har da tashi ya ba ni kujerarsa. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba.

"Malam, an ce duk Tambuwal ba mai hannunka a ajami."

"Ƙari ne na mutane. Mi kaka so?"

Ya miƙo mini takarda bugun inji, wai in kwafe ta da alƙalamin kara da tawada. Na karanta a hankali. Magana ce da bakin mahaifinmu, cewa ya ba wane aron gona, ranar da 'ya'yansa suka nema a mayar musu. Har da shaidu fuɗu, dukansu sun rasu. Abin da ya ba ni tsoro shi ne daɗin maganar, kamar dattijo ne ya zauna ya tsara ta.

Na ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Ya dafa kwamfutar yana murmushi. Ya ce na'ura ce mai ƙirƙirarriyar basira, amma ba irin wadda ke wayar kowa ba. Waccan in ka nemi irin wannan sai ta ƙi, ta kama yi maka wa'azi. Tasa an cire mata linzami, ba ta cewa a'a. Har ta faɗa masa yadda za a yi takarda ta tsufa da ruwan shayi da hayaƙi.

Na ce, "To ita za ta ɗauki Alƙur'ani gaban alƙali, ko ni?"

Ƙanena ya ce, "Haba Yaya, kwafe kawai za ka yi. Ai gaskiyarmu ce, takarda ce kurum babu."

Na tambayi lauyan ko ya taɓa taka gonar. Ya ce ba lallai ba ne. Na ce da ya je, da ya ga mangwaro bakwai da suka fi soro tsawo. A ƙasarmu ba a dasa itace a gonar aro, ko ɗaya ka dasa mai gona zai zo ya tuge, don itace mallaka ne. Waɗannan kuwa mahaifinmu da kansa ya kawo dashen daga Sanyinna, ni na ɗauko su a kan jaki. Duk karatun na'urar ba ta san wannan ba, mai tambayarta ma bai sani ba.

Lauyan ya ce ba matsala, sai a sa ta ƙara layi ɗaya cewa an yarda ya dasa. Yatsunsa suka hau bugawa, kafin in gyara zama layin ya fito. A nan na tashi na ɗauki takalmina.

Ranar zaman kotu na yi alwala, na rantse, na faɗi abin da idona ya gani. Ban ambaci takardar ba, su ma ba su fito da ita ba. Alƙali ya tura a dubo itatuwan, aka tambayi dattawan unguwar, gona ta koma wa mai ita. Ƙanena ya daina shiga gidana, har yau gaisuwarmu a masallaci take tsayawa.

Da ruwan farko ya sauka na hau babur zuwa Kebbe. Na tarar da tsohon a gona yana bin 'ya'yansa da ƙwaryar iri. Na durƙusa na ce, "Baba, damina biyu nika riƙe da shaidarka ban bayar ba. Ka yafe mini."

Ya ajiye ƙwaryar. Ya ce, "Na ji zafinka ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka kawo ta. Na yafe duniya da lahira. Tashi, kana tsugune bisa ramin shuka."