Itacen Matar Wan Kaltabang

A duk tsibirinmu ba wanda zai ce Kaltabang ya taɓa ɗaga wa wani hannu ko murya, kuma abin da ya sa na tsane shi ke nan. Mutum ne mai sanyin baki, mai zuwa coci da farar riga. Zai tsaya ya tambaye ka lafiyar aladunka, idonsa kuwa yana auna gonarka.

Wansa ya nutse a teku, ya bar matarsa Leimara da ɗa guda. Ƙasar gidan duk ta koma hannun Kaltabang, ban da itacen nangae, mai 'ya'ya masu maiƙo kamar gyaɗa, wanda marigayin ya dasa a bakin kurmi. A wurinmu itace na wanda ya dasa shi ne, ko a gonar wa yake. Muddin yana raye, magada suna da hanyar zuwa wurinsa, da ƙasar da ke kewaye da shi. Leimara 'yar wani tsibiri ce. Itacen nan kaɗai ya riƙe ta a garinmu, nan take shuka gwazanta.

Kaltabang bai yi wautar ɗaukar gatari ba. Da damina na gan shi yana kwasar kashin jemagu cikin ganyen ayaba a gindin babbar nabanga, ceɗiyar kurminmu. Washegari aka hango shi can ƙololuwar nangae, wai 'ya'yan kurciya yake nema.

Nabanga ba daga ƙasa take fara rayuwa ba. Irinta, wanda jemagu ke kasayarwa bayan sun ci 'ya'yanta, yana tsirowa a tsakanin rassan wani itace, ta sako saiwa siririya kamar zare. Kafin Leimara ta ankara, zaren ya kai ƙasa, kuma da zarar saiwar nabanga ta taɓa ƙasa ta zama mazaunin kakanni. Ba mai sa mata adda.

Ta kai kuka gaban dagaci. Na ba da shaida, aka ce kwasar kashin jemage ba laifi ba ne. Kaltabang ya karkace kai kamar mai tausayi.

"Haba matar yaya," in ji shi, "ni na aiki jemage? Kakanni sun ga itacenki sun yi sha'awa, ai godiya ya kamata ki yi."

"Jemage mai farar riga," in ji Leimara. "Allah ya isa tsakanina da kai."

Shekaru suka yi ta tafiya. Saiwoyin suka yi kauri, suka sarƙe, suka manne da juna, suka zagaye nangae kamar kwando. Ganyen nabanga ya tare rana daga sama. 'Ya'yan da a da ke cika buhu suka koma cikin tafi, daga baya ko ɗaya. Duk da haka kullum Leimara tana wurin tana shara, tana cewa itacenta yana ciki, da ransa. Kaltabang kuwa ya zama dattijon coci, kuma bai taɓa wuce ta bai gaishe ta ba.

Shekarar da ɗanta ya isa a yanka masa gona, sai Kaltabang ya roƙi dattawa, cikin ladabi, su zo su duba lafiyar itacen wansa. Dagaci ya leƙa ta tsakanin saiwoyin, ya ga sama tar ta cikin kogo. Ya ja baya. Ba sauran nangae a ciki.

Leimara ta zura hannu har kafaɗa tana lalube. Abin da ta fito da shi ruɓaɓɓen gari ne, da tururuwa a ciki. Ta ƙulle shi a bakin zaninta.

"Ka iya jira, ƙanin mijina," ta ce.

"Ki gaishe min da mutanen gida," in ji shi.

Da jirgin ruwan mako ya zo, za ta koma tsibirinsu, shi ya ɗaukar mata kaya har bakin teku, mutane suna yaba kirkinsa.