Kwalbar awon ruwan sama

Ina koyarwa a lakwal ɗin wani ƙauye kusa da Bangi lokacin da mutanen wani furoje, wato shirin raya karkara, suka kafa mana kwalbar awon ruwan sama a fili. Suka ce in riƙa dubawa duk sanda aka yi ruwa. Ƴan gari suka ɗauka na san asirin damina.

Shekarar, ruwa ya sauka da wuri, rediyo kuma ta ce damina ta kama. Kawuna, wanda nake zaune gidansa, ya tambaye ni ko lokacin shuka ya yi, na ce ya shuka. Ya shuka hatsinsa, maƙwabta suka bi shi. Sai sama ta bushe mako uku, tsiron ya ƙone.

Bai yi faɗa ba. Ya same ni bakin kwalbar, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, abin ga naka, ruwan da ya zuba shika hwaɗi, ko wanda ka zuwa?"

"Wanda ya zuba, Kawu."

"To, wannan ai gonata ta sani."

Na shiga ba shi labarin da na ji, cewa hayaƙin masana'antun Turai ne ke ɗumama duniya, har shugabanni sun taru a kai. Ya ce, "Sunka ce yaushe za mu shibka?" Da asuba ni ma na bi sahun masu roƙon ruwa, ban san wa zan gaskata ba.

Sai a shuka ta uku hatsin ya kama, rumbu bai kai rabi ba.