Na'ibi da Shagon Kawunsa

Na'ibi ya sauka Jidda a 1979 daga wani ƙauye kusa da Tasawa, wai ya zo aikin Hajji. Alhazai suka koma gida, shi kuwa ya maƙale a gindin kawunsa Alkasim, mai shagon turare da carbi a Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Sana'a dai ba shi da ita, bai kuma nema ba. Abin da ya iya shi ne ya kalli shagon nan ya haɗiye miyau.

Wata shekara zazzaɓi ya kayar da Alkasim, sai ya ce a gaban abokansa biyu, "Na'ibi, in na riga ka, shagon nan naka ne." Shi ke nan fa! Tsoho ya warke, ya ci gaba da harkarsa, Na'ibi kuwa ya mai da wannan magana abincinsa. Shaidun nan biyu kullum yana bin su da shayi, kada su manta. Aure ma ya ƙi yi, wai sai ya zama mai shago tukuna. Kai, wannan mutum da ban haushi yake.

Wadda ya ɗauka abokiyar gaba ita ce Zubaidatu, 'yar Alkasim ɗaya tilo, da ke aure a unguwar Sharafiyya. In ta zo gaida mahaifinta, sai ya tare ƙofa. "Kawu na barci, ƙanwata." In ta aiko da abinci, shi zai cinye, ya ce tsohon ba ya son gishiri. Haka ya raba uba da 'ya har ta gaji ta rage zuwa, shi kuma yana ganin ya yi dabara.

To, kowa a Balad ya san baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya mallakar shago. Da sunan kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ake buɗewa, amana ce kawai ke riƙe da sauran. Kafilin Alkasim amininsa ne, jikan mutanenmu da suka zo da ƙafa tun da can suka zama 'yan ƙasa. Da kafilin ya rasu, sunan shago ya koma kan ɗansa Othman. Na'ibi ko gaisuwar rasuwar bai je ba, don tsoron kada in ya matsa Zubaidatu ta shigo.

Alkasim ya cika a 2008. Ba a gama karɓar gaisuwa ba Na'ibi ya ɗinka sabuwar jallabiya, ya jawo shaidunsa, ɗaya da sanda, ɗaya kunne ya tafi. Suka tarar da Othman a ƙofar shago, an riga an sauya kwaɗo.

"Kawu ya bar mini wasiyya," in ji Na'ibi. "Ga shaidu."

Othman, wanda Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, ya dube shi sama da ƙasa, ya amsa da Larabci. "Wasiyya a kan kayan wa? Babana da baffa Alkasim ke da amana. Kai ban san ka ba. Halas, magana ta ƙare." Sannan ya ce yana neman mai shara da ɗauko kaya, in Na'ibi yana so.

Shaidu suka sunkuyar da kai don kunya. Na'ibi, da furfurarsa da komai, ya naɗe hannun sabuwar jallabiyarsa, ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Ina tsintsiyar take?"