Dabinon da ke Cikin Agogo

Mu biyar ne, duk malaman makaranta a Kontagora, muka haɗu muka rubuta manhajar kwamfuta mai fitar da lokutan salla da na sahur. Muka raɗa mata suna, muka yi mata tambari: dabino a cikin agogo. Kyauta muke ba kowa.

Wani dattijon malami da ya yi wata biyu yana gwada lissafinmu da fitowar alfijir ya kafa sharaɗi guda. Duk wanda ya taɓa lissafin, ko da minti ɗaya ne, ya cire sunanmu da tambarin, ya sa nasa. Ni da bakina na ce, "Haba Malam, sai ka ce kamfanin sabulu?" Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Gab da azumi wani abokina mai shagon buga takardu ya nemi kwafi. Na miƙa masa faifan manhajar, ko sharaɗin ban ambata ba.

Ranar goma sha ɗaya ga Ramadan na je Salka gaida Inna, ƙanwar mahaifiyata. A bangon masallacin unguwarsu na ga takardar lokutan salla da sahur, dabinonmu raɗau a samanta. Har na fara washe baki. Sai na duba layin alfijir. Innalillahi! An ƙara minti goma sha biyar. Na goge ido na sake dubawa, na gangara har ƙasa, kowace rana haka take. Daga baya abokin nawa ya ce ai ya ga Salka na yamma da mu ne, shi ya sa ya "gyara". Gyara! Mutane na ta cin tuwo bayan alfijir ya keto, da sunanmu a kai.

Na shiga gida na faɗa wa Inna. Tsohuwa ce, azumin ma da ƙyar take kai shi.

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni ban iya boko ba. Dabinon nan naka na gane. Ladan ya so ya bi ido wajen duban alfijir yadda ya saba, ni na aika masa cewa aikin ɗana ne, ya bi takarda."

Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Bayan ƙaramar salla, ana tsakiyar zafin bazara, Inna ta fara ramuwar azumin kwana goma sha ɗaya.